Yadda Ake Gyaran Famfon Banɗaki da Haɗa Hitar Ruwa a Gida

A gidaje da yawa a Zariya, daga Tudun Wada da Gyallesu har Samaru, ruwa ba ya shiga banɗaki kai tsaye daga layin gwamnati. Daga bohal ko rijiya ake jawo shi da inji, a zuba a tankin roba da ke bisa ƙarfe, daga can ya gangaro da nauyinsa. Yawancin matsalolin famfo da hita daga nan suke tasowa. Ruwan ba shi da ƙarfi, yana zuwa da yashi, sannan tanki kan ƙare ba wanda ya sani, wuta kuma ta dawo tsakar dare ta tarar da hita a kunne.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: sifana mai buɗewa da tsukewa guda biyu, filaya, sukudireba mai faɗin baki da mai tauraro, 'yan makullan alan, farin tef na famfo, tasta, bokiti da tsumma. Duk ana samunsu wajen masu kayan famfo a Sabon Gari.

Rufe ruwa tukuna

Ka san inda bawul ɗin da ke ƙarƙashin tanki yake, ka kuma tabbatar yana rufewa da gaske. Bawul mai hannu, wanda ake juyawa sau ɗaya, ya fi mai kan keke da ake murɗawa, domin mai kan keken idan ya daɗe ba a taɓa shi ba yakan cije, ko ya yi ta juyawa a banza. Mai hannu kuwa da ido ake gane shi: hannun ya bi tsawon bututu, a buɗe yake, ya gitta, a rufe yake.

Idan akwai ƙaramin bawul a bango ƙarƙashin kwanon wanke hannu, shi kaɗai za ka rufe, sauran gida su ci gaba da shan ruwansu. Bayan rufewa ka buɗe famfon ya tsiyaye abin da ya rage, sannan ka toshe ramin kwanon da tsumma. Ƙaramin sukuru idan ya faɗa wannan rami, aikin minti 10 ya koma na yini.

Famfo mai ɗiga

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yakan kai wajen lita 20 a kwana ɗaya, ya kusa cika jarkar ɗan ga-ruwa. Gyaran ya danganta da irin famfon, kuma iri uku ne a kasuwa.

Na farko shi ne na da, wanda ake murɗawa sau uku ko huɗu kafin ya rufe. Washa ce ta roba a cikinsa take danne bakin ruwa. Ka ɓalle ɗan murfin da ke saman kai, ka kwance sukurun da ke ƙarƙashinsa, ka zare kan. Za ka ga noti na tagulla. Ka riƙe jikin famfon da hannu ɗaya ko da sifana ta biyu, ka kwance notin zuwa hagu. Riƙon nan ba na ado ba ne: in ba ka riƙe ba, famfon gaba ɗaya zai juya ya tsage mahaɗin bututun da ke cikin bango, sai an fasa tayil kafin a kai gare shi. A gindin abin da ka ciro washar take. Ka sa sabuwa mai girma ɗaya, wadda a yawancin famfunan banɗaki ta rabin inci ce. Kafin ka mayar, ka zura yatsa ka shafa kujerar da washar ke zama a kai. In ka ji kaushi ko tsagi, sabuwar washar ma ba za ta daɗe ba, sauya famfon ya fi arha. Abin da ke cinye wannan kujera shi ne yashi da kuma ɗaure famfo da ƙarfin tsiya duk lokacin da aka gama alwala.

Idan kuma ta wuyan famfon ruwa ke tsattsafowa sa'ad da aka buɗe, ba laifin washa ba ne. Zoben robar da ke jikin sandar ne ya mutu, ko ƙaramin notin sama ya yi sako-sako, a ɗan ƙara masa ɗauri.

Na biyu shi ne mai juyi kwata, wanda da ɗan karkatawa ya buɗe. Babu washa a cikinsa, faranti biyu ne na tangaran masu santsi suke goga juna. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga tsakaninsu ta yi ƙarce, ɗiga ta fara kenan, kuma ɗauri ba ya maganinta. Ana cire ƙwaryar cikin gaba ɗaya a sa wata. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu, saboda tsawon sanda da yawan haƙoran da kai ke hawa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma da ido ba a banbance su.

Na uku shi ne miksa mai hannu ɗaya, wadda ke gauraya zafi da sanyi. A ƙarƙashin ɗan maɓallin nan mai launin ja da shuɗi akwai sukuru da ake kwancewa da makullin alan, galibi na milimita 2.5 ko 3. Ka zare hannun, ka kwance kwalliyar da hannu, sannan babban notin da ke danne katirij, wato ƙwaryar cikin da ke gauraya ruwan. Katirij ɗin ko dai milimita 35 ne ko 40 a mafi yawan miksoshi, kuma akwai mai shafaffen gindi da mai ƙafafu, don haka shi ma a je da tsohon. Wajen mayarwa ka lura da 'yan ƙusoshin roba biyu da ke gindinsa, su faɗa raminsu daidai kafin ka ɗaure. Ɗauri madaidaici ya isa. In ya wuce kima hannun zai yi tauri, jikin katirij ɗin ma yana iya tsagewa.

Idan ruwa ya rage ƙarfi

Kafin ka zargi tanki, ka kwance ɗan rariyar da ke bakin famfon. Sau da yawa a nan za ka tarar da yashi da ɓarɓashin gam da guntun tef sun cunkushe. Ka wanke da tsohon buroshin haƙori. In farin abu ya daskare a jiki, ka jiƙa shi a ruwan kal ko ruwan lemun tsami na wasu sa'o'i. Haka ake yi wa kan shawa. Daga nan sai a duba tiyon ƙarfe mai lanƙwasa da ke ƙarƙashin kwano, ko ya karye a gwiwa, sai kuma ƙaramin bawul ɗin bango.

Idan duk gidan ne ruwa ya yi sanyin gudu, lissafin a tsayi yake. Kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da ƙarfin ruwa "bar" ɗaya, wato ma'aunin da ake rubutawa a jikin hita da inji. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 kacal, 0.3 yake bayarwa, kuma girman tankin ba ya ƙara komai a nan. Mafita ita ce a ɗaga tanki, ko a sauko da babban layi da bututu mai inci ɗaya a rage gwiwoyi, ko a sa ɗan injin ƙarin ƙarfi. In za a sa injin, a sa shi a babban layi kafin ruwa ya rabu zuwa zafi da sanyi. Idan ɓangare ɗaya kawai aka ƙarfafa, miksa ba za ta taɓa daidaita ba.

Akwai kuma iskar da ke maƙalewa a bututu bayan tanki ya ƙare an sake cikawa, famfo ya yi ta tari yana tofar da ruwa. A cika tankin har baki, a cire kan shawa a saukar da tiyonta ƙasa, a buɗe dukkan famfuna har sai gudun ya daidaita. Shi kuwa yashi daga tushe ake tare shi: mafitar tanki ta ɗan ɗaga daga gindi, a sa matacin ruwa bayan bawul ɗin tanki, a riƙa wanke tankin, musamman bayan damina lokacin da ruwan rijiya ke gurɓacewa.

Sa sabon famfo

Famfon bango sai da tef. Ka kalli bakin zaren yana fuskantarka, ka naɗa tef ɗin zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kana ɗan ja don ya shige cikin zaren. Zagaye 10 zuwa 15 kan isa rabin inci, siririn tef mai arha kuwa sai an ƙara. In ka naɗa ta baya, ɗaurawa za ta warware shi. Ka bar layin farko na zaren tsirara don kada guntu ya shiga ruwa. A fara ɗaurawa da hannu, a ƙarasa da sifana a kan tsumma don kada a ƙarce ƙyallin. Idan famfon ya wuce saiti, kada ka komo da shi baya. Ka cire, ka sake tef.

Tiyo mai lanƙwasa ba a sa masa tef. Washar da ke cikin notinsa ce ke tare ruwa, kuma ɗaurin hannu da kwatan juyi na sifana sun wadatar.

Miksar bango tana son tazarar santimita 15 tsakanin tsakiyar bututu biyu, zafi a hagu, sanyi a dama. 'Yan karkatattun haɗin da ke zuwa cikin kwalinta don gyara ɗan kuskuren tazara aka yi su. Ka saki ruwa ya wanke layin a bokiti kafin ka ɗora ta, in ba haka ba dattin gini zai fara kashe sabon katirij tun ranar farko.

Zaɓen hita

Iri biyu ne: mai tanki wadda ke tara ruwa ta dafa, da mai dumamawa nan take. Ta nan take tana cin wat 3,500 zuwa sama, tana son waya mai kauri da wuta cikakkiya, kuma idan ruwa bai da ƙarfi ba ta tashi sam. A gidan da ke dogaro da tankin sama da wutar da ke zuwa ta ɗauke, mai tanki ta fi dacewa, don ruwan da ta dafa da dare yakan kai asuba da ɗuminsa, lokacin da sanyin hunturu na Disamba da Janairu ya fi cizo.

Lita 15 ta isa banɗakin mutum ɗaya ko biyu masu wanka da bokiti. Iyali su nemi 30 ko 50. Da abin dumama (ƙarfen da ke cikin hita mai zafafa ruwan) mai wat 1,500, ɗaga lita 15 daga digiri 20 zuwa 60 yana ɗaukar kusan rabin sa'a, lita 30 kusan sa'a guda, lita 50 kuwa sa'a ɗaya da rabi. Wannan lissafi na cikakkiyar wuta ne mai bolt 230. Idan ta sauko 180, zafin da hita ke bayarwa ya koma wajen kashi 60 cikin 100, rabin sa'ar nan ta zama minti 45. Mutane kan ɗauka hita ta lalace alhali wuta ce ba ta da ƙarfi. Ƙaramin janareta kuwa ba ya ɗaukarta.

Ratayewa da haɗa ruwa

Hita mai lita 50 idan ta cika ta haura kilo 60. Bulo mai rami ba ya riƙe wannan da fulogin roba. A nemi inda siminti ya cika, ko a cika ramin bulon da kankare a bar shi ya bushe, sannan a kafa ƙugiyoyin ƙarfe masu buɗewa a ciki. A rataye ta nesa da feshin shawa, a bar wajen rabin mita ta gefen murfinta don ranar da za a ciro abin dumama.

Baki biyu gare ta, mai zoben shuɗi na shigar sanyi, mai ja na fitar zafi. A ciki, sanyi ta ƙasa yake shiga, bututun zafi kuma ya miƙe har sama inda ruwan zafi ke taruwa. In aka juya haɗin, ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai za a yi ta samu.

A layin sanyi jerin shi ne: bawul na rufewa, sai bawul ɗin kariya da ke zuwa tare da hitar, sai bakin shuɗi, kibiyar da ke jikin bawul ɗin tana nuna hita. Wannan ɗan tagulla shi ne abin da aka fi wulaƙantawa, alhali aiki biyu yake yi. Yana hana ruwa komawa baya, don haka ko tanki ya ƙare hita ba za ta tsiyaye ta bar abin dumama a fili ba, ruwan zafi kuma ba zai koma ya narka layin sanyi ba. Sannan yana sakin ruwa idan matsi ya yi yawa. Ruwa yana kumbura da zafi, wajen kashi 2 cikin 100, kuma dole ya sami mafita. Saboda haka 'yar ɗigar da ake gani a hancinsa lokacin da hita ke aiki ba lalacewa ba ce. A sa masa siririn tiyo zuwa magudana. Duk falambar da ya ce zai toshe hancin nan don ɗigar ta daina, a hana shi. Ranar da na'urar saita zafi, wadda ke kashe hita idan ruwa ya yi zafi, ta cije, wannan hanci ne kaɗai ya rage tsakanin hita da fashewa.

Layin zafi ba a yinsa da bututun PVC na gam, zafi yana sa shi laushi haɗin ya saki. PPR ake sa wa, wato bututun roba mai jure zafi, mai lamba PN20, wanda ake haɗawa da injin ƙona bututu a digiri 260. Mai milimita 20 daƙiƙa 5 ake gasa shi, a tura shi zurfin milimita 14, kai tsaye ba murɗawa, a riƙe ya kama, a bar shi minti 2 ya huce. Mai milimita 25 daƙiƙa 7 ne. Wanda ya gasa fiye da haka ko ya tura da ƙarfi, narkakkiyar robar za ta tattaru a ciki ta tsuke hanya. Daga waje haɗin tsaf, amma ruwa zirir, kuma ba a ganewa sai an yanka.

Wuta

Wannan ɓangare na mai aikin wuta ne, amma maigida ya san abin da zai nema. Layi na musamman daga akwatin bireka da waya mai milimita 2.5, ba reshe daga fitila ko soket ba. Makunni mai amfiya 20 wanda ke yanke wayoyi biyu, mai 'yar jar fitila, a wajen banɗaki. Wayar atin, mai kai wutar da ta tsiyaya cikin ƙasa, a ɗaure da jikin hita, kuma a gwada a ga ta kai ƙasa da gaske, don a gine-gine da dama an ja wayar amma ba a binne sandar ba. Sai birekar da ke yanke wuta idan ta tsiyaya, mai miliamfiya 30. Ita ce ke ceton rai, ba birekar da aka saba ba, wadda waya kawai take karewa. Wannan kariya ce hitar bokiti da ɗalibai ke tsomawa a ruwa ba ta da ita ko kaɗan, shi ya sa ba a gwada zafin ruwan da hannu tana jone.

Kunnawar farko

Ruwa kafin wuta, kullum. Ka buɗe famfon zafi, ka buɗe bawul ɗin sanyi. Iska za ta yi ta fita. Ka jira har ruwa ya zubo santala ba tari na kamar minti guda, ka rufe, ka shafa kowane haɗi da busasshen tsumma ko takarda ka ga babu danshi. Sai a kunna. Abin dumama da aka kunna babu ruwa cikin ɗan lokaci yake ƙonewa. Don haka duk sa'ad da tanki ya ƙare, ko za a yi tafiya, a kashe makunnin hita, kuma bayan an cika tanki a maimaita wannan mataki kafin a kunna.

A saita zafi wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai, ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ruwan da ke zaune. Sama da haka, ƙarin kuɗin wuta ne da saurin taruwar farin dutse. Ko a 60 ɗin ruwan yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, ta yara ta fi saurin ƙuna, saboda haka a bokiti sanyi ake fara zubawa.

Idan ta ƙi aiki

Fitilar makunni na ci amma ruwa sanyi ƙalau: a kashe daga bireka, a gwada da tasta, a buɗe murfin roba. A jikin na'urar saita zafi akwai ɗan maɓallin kariya da ke tashi idan zafi ya wuce iyaka, a danna shi. In ya sake tashi, na'urar ce ta mutu. Idan ba shi ba ne, a cire wayoyi a auna abin dumama da mitar masu aikin wuta, wadda ke nuna adadin om. Mai wat 1,500 zai nuna wajen om 35, mai 1,200 wajen 44, mai 2,000 wajen 26. In mitar ba ta nuna komai ba, ya ƙone. Tsakanin bakin wayarsa da jikin ƙarfen kuwa bai kamata a ga wani haɗi ba.

Bireka na faɗuwa da zarar an kunna, ko famfo na ɗan jan hannu: fatar abin dumama ta tsage, wuta na shiga ruwa. A kashe nan take, kada kowa ya yi wanka sai an sauya shi an kuma duba atin.

Ƙara kamar tafasa ko ƙas-ƙas: farin dutse ya lulluɓe abin dumama. Wanda ruwan bohal ɗinsa ke barin fari-fari a gindin tukunya zai riga kowa jin wannan. Bawul ɗin kariya na zuba ba tsayawa ko hita a kashe: yashi ne a bakinsa, a ɗaga ɗan hannunsa sau biyu ko uku ya wanke, in bai daina ba a sauya. Ɗaga hannun nan sau ɗaya a wata yana hana shi cijewa. Ruwa daga murfin ƙasa: robar da ke toshe bakin da abin dumama ke shiga ce, ana sauyawa. Amma idan jikin tankin ne ya huje da tsatsa, walda ɓata kuɗi ce.

Wankin ciki ana yinsa duk shekara ɗaya ko biyu, kuma Oktoba ko Nuwamba ya fi, kafin sanyi ya shigo. A kashe wuta, a bar ruwan ya huce, a rufe bawul ɗin sanyi, a buɗe famfon zafi don iska ta shiga, sannan a kwance haɗin bakin shuɗi tare da bawul ɗin kariya a tara bokiti. Ta nan ruwan zai fita, ba ta bakin ja ba. A ɗauki hoton wayoyi kafin a cire su, a kwance notocin, a zaro abin dumama. A kwashe lakar da ke gindi da hannu, a ɗauraye, kada a kankare bangon ciki da ƙarfe don akwai shafe mai hana tsatsa. Abin dumama a jiƙa shi a ruwan kal. Kusa da shi akwai wata sandar toka-toka ta maganiziyom da aka sa don tsatsa ta ci ta maimakon tanki. In ta zaizaye ta wuce rabi, a sa sabuwa. A mayar da sabuwar robar baki, a ɗaure notocin a gicciye kaɗan-kaɗan don robar ta zauna daidai, a cika hitar har ruwa ya fito santala ta famfon zafi, sannan a mayar da bireka.